Sabuwar Wayar Mai Gyaran Firji

Sanyi ake ce masa a layin masu gyara, sunan kuma ya bi shi har gida. Wasu suna cewa don firji yake gyarawa ne, wasu kuma suna cewa don ko gobara ce ta tashi sai ya gama ɗaure igiyar takalminsa kafin ya miƙe. Matarsa takan ce duka biyun gaskiya ne. Ita kuwa Manaja yake ce mata tun suna da kujera ɗaya tal a ɗaki, saboda ita ce ta san inda komai yake, daga makullin shago har ranar da takardar wuta za ta zo.

Da dakon kwalaye ya fara, yana saurayi, a wani ɗakin sanyi na masu kifi. Duk ranar da injin ya tsaya aka kira makaniki, sai ya ajiye kwali ya je ya tsuguna kusa da shi yana miƙa masa sifana. A haka ya koya, ba aji ba takarda. Da ya yi aure ya kama wani siririn shago a ƙarshen layi, tsakanin mai walda da wani da ake kira Dogo, shi ma mai gyaran firji. Suka shekara talatin da wani abu suna ƙwace wa juna kwastoma da safe, suna cin abinci a kwano ɗaya da rana. Sanyi ba shi da sauri, amma ba a kiransa sau biyu a kan matsala ɗaya. Gidajen abinci sun san shi, mahauta sun san shi, haka masu sayar da furanni da matan da ke zaune a benaye. Da aikin nan ya riƙe haya a hawa na uku na wani tsohon bene, ya karantar da 'yarsu tilo, wadda yake kira Uwata, har ta samu aiki a ɗakin gwajin jini a wani gari mai nisa, ta yi aure a can. Manaja ma ba zaune take ba, tana ɗinkin labule a wani shago da ke bayan tashar bas.

Bai riƙe babbar waya da wuri ba. Sai da kwastomomi suka dame shi da cewa bari su turo masa hoto, yana cewa su dai kwatanta masa da baki, sannan ya haƙura ya saya. Irin wadda yawancin mutane ke riƙewa ce, mai alamomi uku a ƙasan gilashi. Ya sha wuya kafin ya iya ta, amma da ta zauna masa sai ta zama kamar filayarsa. Ta faɗi ta tsage a kusurwa, ya naɗe wurin da baƙin tef na masu wuta ya ci gaba da harkarsa. Ba ya ajiye lambar mutum da sunansa. A wayarsa akwai Mai Kare Hawa Na Huɗu, akwai Firiza Mai Tari, akwai Kada A Je Da Safe. Ƙarƙashin kowane suna kuma akwai hirar shekaru: saƙon murya, kwatancen hanya, hoton ƙofa, hoton bayan firji kafin ya kwance da bayan ya ɗaura. Yana iya ɗaga kira hannunsa duk maiƙo, idonsa a kan aiki, babban yatsansa ya san hanya.

A 'yan shekarun baya Manaja ta lura ya ƙara manne wa wayar. Ko gidan da ya saba zuwa ne, sai ya tsaya a bakin matakala ya sake sauraren saƙon da aka turo masa kafin ya sauka. Ta taɓa ganin hoton ƙofar gidansu ma a ciki, ta tambaye shi ko sayar da ita zai yi, suka yi dariya. Ta ɗauka shekaru ne suka ƙara masa taka-tsantsan.

Uwata ce ta kawo sabuwar, da ta zo hutu da 'ya'yanta. Batirin tsohuwar ya kumbura har bayanta ya ɗaga, ta ce wata rana a aljihunsa za ta fashe. Sabuwar kuwa ta wani tsari ce ba irin na tasa ba, irin wadda ita take riƙewa, siririya mai sheƙi, komai nata daban. Ta ce da irin wannan za su riƙa ganin juna tas idan ta kira, jikoki su san fuskar kakansu, kuma daga can za ta iya ganin duk inda yake. Ta daɗe tana shirin kyautar nan, ana gani a fuskarta. Sanyi ya juya kwalin, ya sa mata albarka, ya ce ai tasa tana nan da ranta. Suka yi masa ca, ita da uwarta, har ya ce to.

Su uku suka je shagon waya don a kwashe kayan tsohuwar a zuba a sabuwar. Mai shagon ya yi musu bayani cewa tsarin biyu ba sa ga maciji da juna. Lambobi za su tsallaka, hotuna ma haka, amma tsofaffin saƙonni sai an buɗe asusun da aka yi wa wayar tun ranar da aka saye ta. Ya nemi kalmar sirri. Sanyi ya dubi silin, ya dubi Manaja. Ta ce ita makullin ƙarfe ta sani. Aka gwada ranar haihuwar Uwata, aka gwada lambar shago, ba ta buɗe ba. Mai shagon ya ce kada Baba ya damu, kullum sai ya ga irinsa, har da masu ɗaura laktaya. Uwata ta ce tsofaffin saƙonni me za a yi da su, ai lambobin su ne jari. Aka bar wa mai shagon tsohuwar a madadin murfi da gilashin kariya. Ya goge ta a gabansu don hankalinsu ya kwanta, ya jefa ta a aljihun tebur. Manaja ta ga idon mijinta ya bi ta har aka tura aljihun.

Sauran hutun a koyarwa ya tafi. Sabuwar ba ta da alamomin nan uku. In kana son komawa baya sai ka ja daga gefe, in kana son fita sai ka ja daga ƙasa, kuma ba ta buɗewa sai ta ga fuskarka. Sanyi yakan riƙe ta nesa kamar madubi, ya ce tunda yake bai taɓa ganin abin da sai ka gaishe shi kafin ya yi maka aiki ba, in ban da Manaja. Yatsansa kuwa kullum sai ya tafi kusurwar ƙasa, inda babu komai, ya yi ta dannawa. Uwata ta nuna masa da yamma ya yi daidai, jikoki su tafa masa. Gari na wayewa a koma farko, kamar ba a taɓa yi ba.

"Baba, jiya fa da kanka ka yi," ta ce masa ranar da za ta tafi, muryarta ta fara gajiya.

"To ai jiya ke nan, Uwata. Yau kuma sabon ɗalibi kika samu."

Aka yi dariya. Ta ce wa uwarta a bar shi, kowa haka yake farawa, nan da wata ɗaya shi zai riƙa koya musu.

Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Ƙarar sabuwar ba irin ta tsohuwar ba ce, wayar ta yi ta kuka a aljihunsa yana waige-waige yana neman mai ita. Mai walda ya mayar da abin wasa, in ta ɗauki ƙara sai ya ce Alhaji mai babbar waya, ana sallama. Wani lokaci Dogo ya miƙo hannu ya ɗaga masa, wani lokaci ba ya kusa. Mai firjin da naman ciki ke narkewa kuwa ba ya jira, in ya kira bai samu ba sai ya nemi wani, wanin kuma yawanci Dogo ne.

Abin da ya fi muni shi ne sunayen. Sun tsallako, amma tsirara, babu komai a ƙarƙashinsu. Hotunan sun zo a cakuɗe, dubbai, hoton jika kusa da bayan firiza kusa da ƙofar da ba a san ta wa ba. Mai Kare ta kira ta ce ya zo gidan nan dai, ya ce to, ya sauke, ya zauna da jakar aiki a cinya. Wata rana ya dawo gida rana tsaka, rigarsa sharkaf da gumi, ya ce an canja titin, ya yi ta zagaye bai ga benen ba. Manaja ta san titin. Babu abin da aka canja a cikinsa sai fentin wani shago.

Da fari Manaja ta tsine wa wayar. Daga baya ta kira 'yarta ta ce ta kawo musu masifa a kwali. Daga ƙarshe ta juya kan mijin, ta ce taurin kai ne, mutumin da ke kwance injin ya ɗaura ba zai ce gilashi ya gagare shi ba. Ya saurare ta har ta gama, ya ce Manaja ta yi gaskiya, za a gyara.

Sai ta yanke shawarar ta koya da kanta ta koya masa. Ita ƙaramar waya mai maɓalli take riƙewa tun da can. Ta karɓi sabuwar ta tafi da ita wurin aiki, wata abokiyar ɗinkinta ta nuna mata lokacin hutun rana. Kafin a tashi ta iya ɗaga kira, ta iya tura murya, ta iya komawa baya. A bas tana dawowa tana ta jan gilashin tana jin daɗin kanta, sai wani tunani ya faɗo mata. Ita da ko rediyo ya lalace shi take kira, ta iya a wuni guda, shi kuwa wata da watanni ta gagare shi. Ta ajiye wayar a jaka, ba ta sake fito da ita ba har ta sauka.

Ta zaunar da shi a teburin kicin ta kama yatsansa da hannunta, ta ja daga gefe, ta ja daga ƙasa. Ya ce ya gane. Ta saki, yatsan ya koma kusurwar da babu komai. Suka sake. Ya ce ya gane. Ta dubi fuskarsa sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba, don mutumin da kuke kwana ku tashi tare ba kallonsa kake yi ba. Yana murmushi, amma goshinsa ya jiƙe, kuma idonsa idon mai tsoro ne.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta riƙa karɓar kiransa da yamma, tana tambayar masu kira kwatance kamar ita ce ba ta sani ba, da safe ta maimaita masa a bakin ƙofa. A haka suka ɗan ja, har abin kantin magani ya faru.

Mai kantin mace ce da ta daɗe tana kiransa, tun Uwata tana firamare. A bayan kantinta akwai firji na allurai, na masu ciwon suga da na rigakafin jarirai. Ya fara ɗumi, ta kira, Manaja ta ɗauka ta tura Sanyi. Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa musu ƙofa, Sanyi ya riga ya fita shago. Matar ce da kanta, ta hawo benen tana haki. Ta ƙi ruwa, ta zauna a bakin kujera. Ta ce ya je, ya canja abin da ya lalace, ya tafi bai mayar da wutar ba, ita kuma ba ta duba ba don ba ta taɓa duba aikinsa ba. Da safe ta tarar da komai ya ɗume, dole a zubar, akwai mutanen da ta juya hannu wofi. Manaja ta fara ba da haƙuri, tana laluben abin da za ta ce game da sabuwar waya, matar ta ɗaga hannu.

"Yaya, ba wannan ne ya kawo ni ba. Jiya da ya gama ya fita, can sai ga shi ya dawo. Ya gaishe ni tun daga farko, ya tambayi yara, ya ce me ya samu firjin. Na ɗauka wasa yake yi. Ki kai shi asibiti, don Allah. Ba waya ba ce."

Da matar ta tafi, Manaja ta tsaya a tsakiyar falo da mayafi a hannu, ta rasa inda za ta nufa. Sai a lokacin hoton ƙofar gidansu ya faɗo mata, da tsayuwarsa a bakin matakala yana sauraren saƙo. Ashe duk shekarun nan wayar ce ke tuna masa. Shi ya sani, ya shirya wa kansa hanya a ciki ba tare da ya gaya wa kowa ba, su kuma suka kai ta shago aka goge a gabansa.

Ta ce masa gwajin hawan jini za a yi, ya sa rigarsa mai kyau. Likitan ya faɗi wasu kalmomi ya ce ya riƙe, suka yi wata hira, ya ce ya maimaita. Sanyi ya ce ai likita bai ba shi komai ya riƙe ba. Aka ba shi takarda ya zana agogo, ya tara lambobin duka a gefe ɗaya, ya dubi abin da ya zana, ya ce biron ne ba shi da kyau. Aka ɗauki jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce su dawo. Da suka koma likitan ya sa ma'aikaciya ta fita da shi auna nauyi, ya yi magana da Manaja ita kaɗai. Ya ce ciwon mantuwa ne irin wanda ba ya komawa baya, kuma ya daɗe da farawa. Canjin waya bai kawo shi ba, tona shi ya yi, don abin da hannu ya saba yakan daɗe, sabo ne ba ya shiga. Akwai maganin da wataƙila zai rage masa gudu. Ta tambaya ko da an bar masa tsohuwar da ya ci gaba da aiki. Likitan ya ce wataƙila da ya ƙara ɗan lokaci, amma inda za a je ɗaya ne.

A hanyar gida Sanyi ya tambaye ta yaya jinin, ta ce lafiya lau. Sai da bas ya wuce gada, sannan ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Manaja, kada ki gaya wa Dogo."

Ta ce ba za ta gaya ba. Dogo kuwa ya riga ya sani, layin duka sun sani, shi ya sa mai walda ya daina wasan sallama.

Uwata ta yi kuka a waya har uwarta ta gaji da cewa ba laifinta ba ne. Ta ce a koma shagon a karɓo tsohuwar ko ta halin ƙaƙa. Manaja ta je. Mai shagon ya ce tuni aka farke ta, gilashin ya tafi wani wuri, cikin ya tafi wani, kuma ko tana nan babu abin da ya rage a cikinta. Ya dai yi ƙoƙari, ya samo musu irinta sak a wurin masu sayar da na hannu. Manaja ta naɗa baƙin tef a kusurwa, ta sa aka mayar da layinsa, aka sa tsohuwar ƙarar, ta ajiye masa kusa da kofin shayi.

Ya ɗauka. Yatsansa ya tafi kusurwar ƙasa, wannan karon ya tarar da abin da yake nema. Fuskarsa ta saki. Manaja ta juya baya tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Ya buɗe wurin saƙonni ba tare da ya duba ba, yadda ya saba, ya tarar da fili fetal. Ya ja ƙasa, ya ja sama. Ya shiga hotuna, babu. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ajiye ta a hankali ya tura gabanta.

"Wannan ba tawa ba ce. Ki mayar wa mai ita, kada ya yi ta nema."

Ta sake gwadawa washegari, da ranar da ta biyo baya. Ta roƙi wasu tsofaffin kwastomomi su turo saƙon murya don wayar ta yi kama da mai rai, wasu suka turo, suna gaishe shi da murya irin ta dubiya. Ya saurara ya ce Allah sarki, su waye. Ba a daɗe ba ya daina taɓa ta. Ta shiga aljihun kicin tare da tsofaffin batura.

Shagon ma bai kai ƙarshen shekara ba. Dogo ya kwashe firjin mutane da ke ciki ya ƙarasa gyara su ya mayar wa masu su, ya ce musu Sanyi ne ya yi. Mai wurin ya ba wani mai sayar da fenti. Jakar aikin ta dawo gida, Manaja ta cire abubuwa masu kaifi da tukunyar gas ta bar masa sauran. Da safe yakan sa takalmi ya ɗauki jakar ya zauna kusa da ƙofa, ya ce yana jiran kira. Ta bar shagon labule, suka riƙa aiko mata da ɗinki gida, daga baya aikon ya ja baya don ba ta gamawa a kan lokaci. Rannan ta shiga wanka ta fito ba ta gan shi ba. Ta kira Uwata, Uwata ta duba ta ce ai ga shi nan a gida. Wayar ce a gida, a kan keken ɗinki. Sai da yamma wani direban bas ya kawo shi, ya ce tun rana yake zaune a kujerar baya, duk inda aka tsaya sai ya ce ba nan ba ne. Daga ranar ta sa aka ƙara sakata a saman ƙofa.

Sabuwar wayar ta zama ta Manaja, da layinsa a ciki. Ta iya ta sosai yanzu, da ita take tuna lokacin magani, da ita take amsa masu neman Sanyi, tana cewa ya huta, ga lambar Dogo. Masu kiran suka yi ta raguwa har suka ƙare. Uwata takan kira ranar hutu ta tara yara a gaban gilashi. Sanyi yakan dube su da ladabi, kamar baƙin da aka shigo da su ba a gabatar ba. Amma in ya rufe ido ya ji muryar, sai ya ce Uwata ce, yaushe za ki zo. Don haka suka daina kunna hoton. Manaja takan ajiye wayar a kan tebur, uba da 'ya su yi hira a makance, ita tana ɗinki. Ta san wannan ma ba zai daɗe ba, likita ya gaya mata.

Da zafi ya tsananta firjin gidansu ya tsaya. Ta tashi ta tarar da ruwa a ƙasan kicin. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kira Dogo, don a tsawon aurenta ba ta taɓa kiran wani ya taɓa mata kayan wuta ba. Ya zo bayan sun gama abincin rana, ya hawo benen yana dafa gwiwa, shi ma tsufa ya kama shi. Sanyi ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya ce Manaja a kawo wa baƙo ruwa. Dogo ya buɗe baki zai yi irin zagin wasan da suka saba, ya dubi fuskar abokinsa, ya mayar ya haɗiye. Ya ja firjin daga bango ya tsuguna. Wurin da duhu, ya miƙa wa Sanyi tocila ya ce ya taimaka ya haska masa. Sanyi ya tsuguna kusa da shi ya riƙe, hannunsa ko rawa babu, yana kallo da sha'awa.

"Malam, aikin nan akwai wuya. A ina ka koya?"

Dogo ya ci gaba da murɗa sukundireba, bai ɗago ba. "Rabi a wurin maigidana. Rabi a wurin wani maƙwabcina, ina leƙensa bai sani ba."

"Allah ya saka masa da alheri."

"Amin," in ji Dogo.

Firjin ya tashi da ƙara mai rauni. A bakin matakala Dogo ya gaya wa Manaja cewa injin ya gaji, zai ɗan kai su, amma kada ta cika shi da kaya. Ta yi godiya. Ya tsaya kamar akwai sauran magana, ya gyara jaka a kafaɗa, ya ce a gaida Uwata, ya sauka yana riƙe da ƙarfen bene.

Ta mayar da sakata ta koma kicin. Sanyi yana nan tsugune inda aka bar shi, yana haska bangon da babu kowa. Ta karɓi tocilar ta kashe, ta kama hannunsa ta miƙar da shi ta zaunar a kujera. Ta tura firjin da kafaɗa har ya koma wurinsa, ta fara tsince abin da bai lalace ba tana mayarwa ciki. Ya tambaye ta yaushe za a ci abincin rana. Kwanonin da suka ci suna cikin ruwa ba a wanke ba. Ta ce yanzun nan, ta ɗora tukunya.